Ragon Sunan da Ba a Yanka Ba

Kumatuna ne suka fara tafiya. Ina duba madubi sai in ga fuskar wata tsohuwa tana kallona, alhali ban daɗe da gama sakandare ba. Ƙafafuna suka koma kamar sillen kara, jijiyoyi duk a waje. Amma cikina sai girma yake yi, ga wani ɗan tozo da ya fito mini a bayan wuya.

Lokacin mijina ya fi shekara biyu da rasuwa. Na gama takaba na dawo gidanmu a Talata Mafara, ina shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, wadda ita ce ta tafi da shi. Can Bakura nake zuwa karɓa, inda ba a san fuskata ba. Mahaifiyata kaɗai ta sani. Da na nuna wa ma'aikaciyar asibiti jikina, ta ce cutar da maganin kan kwashe kitse daga wani wuri su tara shi a wani. Ta ce likita zai duba ko a sauya mini, amma kada in kuskura in daina sha.

Hijabi ya rufe tozon, bai iya rufe cikin ba. A wajen wani biki na ji wata tana ce wa ƙawarta, "Bazawara da ciki, ikon Allah! Iska ta sha ta ƙoshi?" Suka kwashe da dariya. Daga ranar na daina fita.

Maganar ta kai Garbadu, wurin uwar mijina, wadda nake kira Inna. Shi kaɗai ne ɗanta namiji, kuma ba mu haihu ba. Na ɗauka zagi zai kawo ta. Sai ga ta da ƙullin gero, a bayanta ɗan rago fari yana jan igiya.

Bayan doguwar gaisuwa, ta matso ta dafa cikina. Tun da nake, surukata ba ta taɓa taɓa ni ba.

"Ɗiyata, bar su da bakinsu," in ji ta. "Wanga ciki na ɗana na. Kwantacce na, barci ya yi tun ubanai na da rai, yanzu Allah ya tashe shi. Haka aka yi wa ƙanwata a Dosara, yaron ga shi nan har ya yi gemu."

Ta kafa turke a gindin darbejiya ta ɗaure ragon, ta ce na suna ne. Duk ranar Talata in ta ci kasuwa sai ta biyo da harawa, ta ba shi, ta zauna tana yi wa cikina magana. "Kai malalaci, irin ubanka, sai an yi ta tashi!" In na yi shiru, ta wanke ni a idon gari. In na faɗa, na kashe mata jika, na kuma tona abin da ya kashe ɗanta.

Ranar da ta ce za ta kawo ungozoma ta duba kwanciyar yaron, na shiga ɗaki na ɗauko robar maganin.

"Inna, ba ciki ba ne. Kitse ne. Wannan maganin ne ya tara shi."

Ta karɓa, ta juya robar, ta girgiza ta kusa da kunnenta.

"Irin wagga na tsinta a aljihun ɗana, a cike," ta ce. "Bai sha ba ke nan."

Na kasa ɗaga kai.

"Ke kina shan naki?"

"Kullum, Inna."

"To ki riƙa sha."

Ta miƙo mini robar, ta kalli cikina sau ɗaya, ta ɗauke ido. Ta tashi ta kwance ragon. Ya saba da gidanmu, ya turje a zaure, tana ja yana kuka. Ba ta waiwayo ba.

Tana zuwa har yanzu, ran Talata, da gerona. Mu gaisa, ta tambayi jiki, ta zauna can bakin tabarma, hannuwanta a cinya. Turken yana nan gindin darbejiya, na kasa sa a cire.