Injin Baba Ayuba a Kan Mangwaron Mama

Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu na Kafanchan ya san Baba Ayuba, ƙanen babana, ba ya gaida mutum da safe sai ya fara gaida tarakta. Zai fito da asuwaki a baki, ya dafa mata goshi ya ce, "Tsohuwa, an tashi lafiya?" Ni da na dama masa koko kuwa ko kallo ban ishe shi ba. Tun da ya rasu kuke ta yabonsa. To ni har yanzu haushinsa nake ji, kuma yau sai na faɗa.

Taraktar nan a gwanjo ya saye ta da ya yi ritaya. Matacciya ce murus, shanun wani Bafulatani abokinsa ne suka jawo ta har tsakar gida. Duk faɗin gidan bai ga inda zai ajiye ta ba sai gindin mangwaron da Mama ta shuka da hannunta kafin ta rasu.

Na ce, "Baba, wannan bishiyar ita kaɗai Mama ta bar mini."

"Inuwa kawai za mu ara, Rifkatu. Saura kaɗan ta tashi."

Da wannan "saura kaɗan" ɗin na gama kwaleji, na fara koyarwa, har furfura ta fara leƙo ni.

Matsalar ita ce injin ya cije, tsatsa ta manne shi da jikin taraktar, sai an ciro shi kafin a gyara. Aka ce ya sayi man kwance noti, ya ce ɓarnar kuɗi ce. Ran nan na zo yin miya na tarar da galan ɗin manjana wayam. Na leƙa, ga Baba kwance a ƙarƙashin tarakta yana shafa wa notuna manjan da gashin kaza.

"Baba, manjan Kirsimeti ne fa."

"Ke ai kin ci na bara. Ita rabonta da mai tun kina firamare."

Notunan ko gezau. Sai dai kiyashin unguwa kaf da suka tare a gidanmu.

Da na gaji, na ɗauko makanike takanas daga Kachia. Mutumin ya ce irin wannan tarakta injin ne ƙashin bayanta, sai an tokare cikinta da katako kafin a cire. Ya ɗan ƙwanƙwasa injin da guduma. Baba ya miƙe tsaye.

"Kakarka za ka buga wa guduma haka? Kama hanya."

Ko ruwa bawan Allah bai sha ba.

Maimakon haka sai Baba ya kira gayya, irin ta noman citta. Bayan sujada ya tashi a coci ya sanar, kamar wani aikin Ubangiji. Ran Asabar maza suka cika gida har da mai ganga, ni aka bari da kunu da dafa wake. Ina fitowa daga kicin na ga sarƙa a kan babban reshen mangwaron Mama. Na yi masifa har muryata ta dushe. Babu wanda ya ji ni, ganga ta riga ta ɗauka.

Suka ja, suka ja, suna waƙa. Can sai injin ya fizge ya yi sama. Taraktar da ba a tokare ba ta rabe biyu, ta durƙusa kamar ɗan akuya zai sha nono. Wani reshe ya tsage ya auka kan kwanon kicin, tukunyar wake ta kife. Baba kuwa ya dubi injin yana lilo ya ce, "Kun gani ko? Na ce zai fito."

Ya sa aka ɗaure sarƙar, ya hana a sauke, wai ƙasa da danshi. Shekara da shekaru injin na rataye, har ɓawon bishiyar ya haɗiye sarƙar. Duk damina sai na kwana da fargabar reshen zai karye.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, ya kama hannuna ya ce, "Rifkatu, ki gaishe mini da Tsohuwa."

Na ce, "Ka warke ka gaishe ta da kanka, ka sauke mini masifar nan daga bishiyar uwata."

Ya yi murmushi. "Saura kaɗan."

Washegari ya tafi.

Bayan an share makoki na kira masu sayen tsohon ƙarfe. Ranar da na daɗe ina jira ta zo. Ɗayansu ya hau bishiyar, ya ɗaga guduma ya maka wa injin don ya ji nauyinsa. Ban san lokacin da na ji bakina yana cewa, "Kakarka za ka buga wa guduma haka?" ba. Da tsintsiya na raka su har ƙofa.

Injin yana nan inda ya bar shi, mangwaron Mama na riƙe da shi, kuma bana ma ya yi 'ya'ya. Da safe idan ba kowa a tsakar gida nakan dafa goshin Tsohuwa in isar da saƙo.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Baba. Ka gaishe mini da Mama, kuma ka yi mata bayanin reshen nan da bakinka.