Sadissou Mai Zagayen Masallatai

Akwai wata magana a kan Sadissou da ko yaushe na riƙe ta sai ta kusa ƙona mini harshe, yau kuma ku zan faɗa wa. Amma ku dakata. In na zube muku ita tun yanzu, dariya za ku yi ku tashi, alhali rabinta ne kawai na dariya. Sai kun san mutumin tukuna.

Ni Souley, tela ne a Gurda, wata unguwa a garin Sabha. Bango ɗaya ne tsakanin shagona da ɗan masallacinmu na 'yan Nijar, shi ya sa duk wanda ya sauka Sabha daga gida, in bai zo mini da yagaggen wando ba, zai zo salla in gan shi. Haka na san Sadissou. Ɗan Tanut ne, direban sahara a lokacin, daga Agadas yakan ɗauko kaya da mutane ya ratso rairayi har nan. Wandon farko da na ɗinka masa, mutum biyu za su shiga ciki su zauna su sha shayi. In ya zauna gaban taliyar nan ta Larabawa mai jan barkono, sai ya ƙara mata harisa, yajin nan nasu, har mai girkin ya kau da kai don tausayi. In ya yi dariya a Gurda, ana ji a Tamanhint, can nesa bayan gari.

Sai wata shekara ya ajiye hanyar sahara ba tare da ya ce wa kowa komai ba. Ya karɓi wata tsohuwar ƙaramar mota ta wani Balarabe mai suna Hamed, yana kai bulo da siminti wuraren gini a cikin gari. Wasu suka ce 'yan fashi ne suka tsorata shi. Wasu suka ce matarsa Zahara ce ta kafa masa doka. Ni na goyi bayan na biyun, don ya fi daɗin faɗi.

Daga nan mutum ya fara narkewa. Ya kawo mini wando in rage ƙugu, na rage. Bayan 'yan watanni ya dawo ya ce in saki, ya ɗan murmure. Kafin ka ce me, ya sake kawowa in rage. Wandon nan ya sha allura har ya gane muryar kekena. In an zauna cin abinci a kwano ɗaya, kamar yadda muke yi bayan aiki, sai ya ce alhamdu lillahi, ya ja baya. Shayin da ake zuba mana zagaye-zagaye, baƙi ƙirin mai kumfa, ya daina taɓawa. Sai ka gan shi a gefe da farar shinkafa ba miya, ko dafaffen dankali, yana ci a hankali kamar mai jin tsoron kada ya tashe shi daga barci. Wasu ranakun ma ko wannan babu.

Hassoumi, leburan da ke loda masa bulo, shi ya kawo mana sauran labarin. Ya ce shi dai bai taɓa ganin mai son masallaci irin wannan ba. Suna cikin tafiya da kaya, rana tsaka, ba lokacin kowace salla ba, sai Sadissou ya taka birki a ƙofar masallaci, ya ce masa jira ni, ya shige da sauri kamar ana kiransa. Ya daɗe, ya fito fuska jiƙe da ruwan alwala, ido ya yi zuru-zuru. A yi gaba kaɗan, wani masallacin, a sake tsayawa. Hanyar da kowa ke bi miƙe, shi sai ya karkata ta unguwar da ke da masallaci buɗe. Ya san wanda ake kullewa bayan azahar, ya san wanda ruwansa ba ya yankewa, ya san ladanan Sabha da sunayen 'ya'yansu.

To, ku haɗa da kanku. Mutum ya rame, ba ya cin daɗi, ya rage dariya, ba ya wuce masallaci. Me za mu ce? Muka ce azumin nafila yake yi a ɓoye. Muka ce Allah ya buɗe masa wani abu a sahara. Hamed ya fara kiransa ya Shaikh. Mata suka fara aiko da ruwa a gora ya yi musu tofi, yana ƙi, ƙin nan kuma ya ƙara masa daraja. Har aka ce motarsa ba ta shan mai, ranar da gari ya kwana a layin gidan mai ita da bismilla take tafiya. Wannan kam na san wanda ya ƙirƙiro, kuma ba zan tona shi ba, mutumin kirki ne, tela ne.

Ana nan sai limaminmu Malam Habou ya ce zai koma gida Tawa. Ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, yana so ya ƙarasa kwanansa kusa da jikoki. Bayan sallar azahar ya ce jama'a su zaɓi wanda zai riƙa ja musu salla. Ba a ko yi shawara ba. Duk masallacin ya juya ya kalli Sadissou, wanda dama karatunsa na allo ya yi nisa tun yana gida, muryarsa kuma tana da sanyi.

Na ga fuskarsa a lokacin. Na sha ganin wanda aka kama a shingen 'yan sanda ba takarda, to ko shi bai kai Sadissou firgita ba. Ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Jama'a suka ce kun gani, tawali'u ke nan.

Kwanakin da suka biyo baya ya ƙara zubewa. Ya kawo mini wandon nan, na duba na ce, "Sadissou, in na ƙara ragewa aljihun hagu zai gaisa da na dama." Ya yi ɗan murmushi, hannunsa dafe da ƙasan cikinsa.

Ran nan bayan la'asar wuta ta ɗauke, kekena ya yi shiru. Jama'a sun watse, sai na ji murya biyu a masallaci. A bangon nan akwai wata 'yar taga da aka toshe da kwali. Ban je don in ji ba. Zare ne ya faɗi a wajen, na sunkuya nema, kunnena kuma ya ga dama ya jingina.

Sadissou ne ke magana, ƙasa-ƙasa. "Malam, ba zan iya tsayawa gaban mutane ba. Abin da suke gani a jikina ba shi ba ne."

Malam Habou ya ce, "To mene ne, ɗana?"

Sadissou ya ce, "Ciwo ne a hanjina. Tun ina hanyar sahara ya fara. Murɗa, gudawa, har da jini. Ka san sahara, Malam, ba itace ba dutse, mota cike da mutane har da mata, kai ne direba, ka tsaya ka tsaya ka sake tsayawa, kowa na kallon inda ka nufa. Shi ya sa na bari. Na sha jiƙo na basir, na sha na tsutsa, na sha maganin farmasi iri-iri. Sai da na je asibiti a Tirabulus aka zura mini abin dubawa, lokotoro ya ce bangon hanjin ne ke kumbura yana yin gyambo. Ya ce ba a ɗauka a wurin wani, ba kuma abin da na ci ne ya jawo ba. Ba ya warkewa gaba ɗaya, sai dai a lallaɓa shi da ƙwayoyi kullum. Ciwon yakan kwanta wata da watanni har in manta, sai ya tashi. In ya tashi, in ya ce yanzu, to yanzu ne."

"Masallatan fa?"

"Makewayi nake nema, Malam. A garin nan ina baƙo zai ƙwanƙwasa gidan mutane ya ce a ba shi bayan gida? Masallaci ne kawai ba a tambayarka."

A nan na toshe bakina da tsumma, don dariya ta taso. Amma ba ta fito ba, saboda abin da ya biyo baya.

Ya ce, "Da farko in na gama sai in ji kunyar fita haka nan, mutane na gani. Sai in yi alwala in yi raka'a biyu don idonsu. Daga baya na lura in na yi sujada, na daɗe, cikin yakan ɗan saki. Sai na riƙa daɗewa. Yanzu ko ranar da lafiyata lau, in na wuce masallaci ban shiga ba sai in ji kamar na wuce gidanmu. Ban san me zan kira wannan ba. Na dai san ba abin da suke zato ba ne. Kuma ina tsoron ranar da zan kabbara da sahu a bayana, cikin ya ce yanzu."

Ina jin ƙarar carbin Malam Habou. Can ya ce, "Ni yunwa ce ta fara kai ni gaban malami, don a gidansa ana tuwo da dare. Ban taɓa jin an ce karatuna bai karɓu ba saboda haka. Batun sahu kuwa, liman ɗan Adam ne. In abu ya same shi ya ja na bayansa ya shige gaba, shi ya fita. An tanadi wannan tun kafin a haife mu. Abin da ban yarda da shi ba ɗaya ne, su bi ka suna zaton wani mutum ne daban. Ka gaya musu. In sun ce kai, ka tsaya, ranar da jiki ya ƙi wani ya tsaya. In sun ce a'a, ka huta."

"Malam, da wane baki? In tashi gaban maza, wasu sa'o'in babana, in yi musu bayanin gudawa? Shekara nawa ina ɓoyewa, Zahara kaɗai ta sani, ita ke tashi ta dafa mini nawa daban. Na gwada a raina, harshena ba ya ɗauka."

"To sai a samo wanda nasa ke ɗauka."

Ni kuma na ƙara matsawa don kada in rasa sunan wanda za a ambata, na danna kwalin nan da kunne fiye da ƙarfinsa. Ya faɗa cikin masallaci. Sai ga fuskata a taga, ga Sadissou zaune dab da ita, muna kallon juna.

Na ce, "Zare nake nema."

Bai yi fushi ba. Ya dube ni da idanun nan nasa da suka faɗa, ya daɗe, sai kafaɗunsa suka sauka kamar an sauke masa buhun siminti.

Ya ce, "Tun daga ina ka ji?"

Na ce, "Tun daga sahara."

Ya juya wajen Malam Habou ya ce, "Ga shi Allah ya kawo." Sannan ya dawo kaina. "Souley, kafin magariba nake so kowa ya sani, na san ba zai yi maka wuya ba. Amma ka faɗe shi yadda ka ji shi. In ka ƙara ko da ɗinki ɗaya, kai za ka ja sallar."