Kwafi Uku da Muryar Inna

A makarantar da yake aiki Malam Laburare suke ce masa, domin shekara goma sha bakwai ke nan yana tsare da ɗakin karatu, yana liƙa lamba a bayan littattafai, yana bin ɗalibai su dawo da abin da suka ara. Amma a shagon Mai Gyara, inda masu son kwamfuta ke taruwa duk yammacin Asabar, ba wanda yake kiransa da wani suna sai Kwafi Uku.

Shi ya jawo wa kansa. Duk wanda ya shigo shagon da kwamfuta a hammata, ido ya yi ja, yana cewa hotunansa sun ɓace, kafin Mai Gyara ya ɗauki sukurudireba shi ya riga ya ɗaga yatsu uku.

"Kwafi nawa ka yi?"

"Ɗaya ne, yana cikinta."

"To ai ba ka da komai, ɗan'uwa. Ɗaya a na'ura, ɗaya a faifan waje, ɗaya a intanet. In ba haka ba, kada ka zo kana yi mana kuka."

Ba mugu ba ne. Mutum ne da ba ya iya ganin abu ba lamba a jikinsa. Ranar da aka kawo wa makarantarsu wata tsohuwar kwamfuta, kowa ya ji tsoron taɓa ta, shi ya zauna da ita har ya gane kanta, kuma tun daga ranar bai sake zama daidai ba. A gidansa, teburin da matarsa ta saya don cin abinci wayoyi sun cinye rabinsa. Kalmar sirrin intanet ɗin gidan harafi ashirin da huɗu ce, manya da ƙanana da alamomi, har baƙi kan rubuta rabi su ce a bar shi, sun fasa.

Shagon Mai Gyara ɗan tsukuku ne, benci ɗaya, fanka mai ƙara, da kwali cike da matattun na'urori. Mutum biyu ba sa fashin zama. Akwai Injiniya, wanda bai taɓa karatun injiniya ba, rigunan waya yake sayarwa a bakin titi, amma duk abin da ya fito sabo shi ne farkon yabonsa. Akwai kuma Baƙin Allo, direban motar asibiti, wanda ya rantse ba zai taɓa linzamin kwamfuta ba, sai dai ya buga umarni a baƙin allo da fararen haruffa.

"Duk mai danna hoto da linzami yaro ne," in ji shi kullum.

"Kai kuma jiya awa biyu ka yi kana neman yadda za ka ƙara sauti," in ji Injiniya.

"Amma na gane dalili."

"Ni ban gane dalili ba, na dai ji waƙata."

Haka suke tun la'asar har a rufe shago, ba wanda ya taɓa sauya ra'ayin wani.

A shekarar ƙarshe ta rayuwar mahaifiyarsu, Inna, Kwafi Uku ya yi abin da ko Baƙin Allo ya yaba. Ya sayi makirfo mai kyau, duk Lahadi ya zauna a gefen gadonta yana ɗaukar muryarta: yadda ta haɗu da babansu, sunayen kakanni, wanda ya yi wa wa gori a wace shekara. Awa goma sha ɗaya cif. A ciki akwai minti tara da ta ce kowa ya fita daga ɗakin, ta yi magana ita kaɗai ga Auta, ƙaninsu da ke aiki a wata ƙasa mai nisa, wanda bai samu zuwa ba har ta rasu.

Auta ya roƙa a turo masa ta waya. Kwafi Uku ya ƙi.

"Manhajar hira matse sauti take yi, ta zubar da rabinsa. Muryar Inna ba za ta bi ta nan ba. In ka zo ka ji ta garau, kamar tana zaune."

Bai tsaya nan ba. Ya bi wayoyin 'yan'uwa, ya kwashe duk wani guntun saƙon murya na Inna, ya jera su da kwanan wata, ya ce su goge nasu su samu wuri. Yayarsu, babbar gidan, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ka tabbata?"

"Yaya, ni fa? Uku na yi. Kuma biyun a kulle suke, ko ɓarawo ya ɗauka ba abin da zai ji."

Shekara biyu bayan haka Auta ya bugo ya ce ranar Lahadi zai sauka. Ranar Alhamis Kwafi Uku ya kunna kwamfutarsa don ya shirya masa minti taransa, sai ya ji wani sauti daga cikinta: ƙas, ƙas, ƙas. Allo ya tsaya fari. Ya kashe ya kunna. Ƙas, ƙas, ƙas.

Bai damu ba. Har murmushi ya yi, ya ce wa matarsa, "Kin ga ranar da nake faɗa." Ya ɗauko faifan waje daga durowa, ya ari kwamfutarta ya jona. Faifan ya nemi kalmar sirri. Ya buɗe ma'ajiyarsa ta intanet, ita ma ta nema.

A nan murmushin ya tafi. Kalmomin sirrin ba shi ya ƙirƙira ba, domin ya sha faɗa a shago cewa duk kalmar da kai zai iya riƙewa ta banza ce. Wata manhaja ce ta haɗa masa su, harafi arba'in arba'in, ta adana su a cikin wani fayil. Fayil ɗin kuwa kwafi ɗaya ne tak, domin bai yarda ya bar mabuɗi yana yawo ba. Yana cikin faifan kwamfutar da ke cewa ƙas, ƙas.

"Ba ka rubuta a takarda ba?" in ji matarsa.

"Takarda? Ni?"

"To ka ce wa masu ma'ajiyar ka manta, su turo maka wata. Ni haka nake yi."

"Na zaɓi wadda ko su masu ita ba sa iya buɗewa."

Ta dube shi. "Kai ka zaɓa?"

"Ni na zaɓa."

Ranar Asabar ya riga kowa zuwa shago. Mai Gyara ya ciro faifan, ya kara a kunne kamar mai sauraron ƙirjin mara lafiya, ya girgiza kai. Ana haka sauran suka shigo, kuma kafin su zauna sun ji labari.

Injiniya ya riƙe ciki don dariya. "Tsaya, tsaya. Kwafi ukun suna nan?"

"Biyu suna nan."

"Lafiya lau?"

"Lafiya lau."

"Mabuɗin ne guda ɗaya? Wayyo Allah, ku riƙe ni!"

"Matsalar ba nan take ba," in ji Baƙin Allo, yana gyara zama. "Matsalar tsarin da kake amfani da shi ne. Da ka bi shawarata tun bara..."

"Da ya bi shawararka da har yanzu yana neman yadda zai kunna makirfo. Ni na ce masa ya bar faifai mai juyawa, zamaninsa ya wuce. Wa yake ajiye abu a kan abin da ke juyawa kamar fanka?" in ji Injiniya.

"Sabon naku in ya mutu ko sallama ba ya yi. Wannan aƙalla yana ƙara."

"A sa shi a firiza," in ji Injiniya. "Wallahi na ga wani ya yi, ya tashi."

"Kifi ne?"

Kwafi Uku ya buga benci da tafin hannu har fankar ta yi kamar ta saurara.

"Muryar uwata ce a ciki! Gobe ƙanina zai sauka. Akwai wanda zai yi wani abu, ko gardama za ku yi har a rufe?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Baƙin Allo ya tashi, ya jawo kwalin matattun na'urori, ya shiga tono. Can ya ɗago da wani faifai irin na Kwafi Uku sak, ya miƙa wa Mai Gyara. Aka cire allon lantarkin wancan aka ɗaura wa wannan. Injiniya ya haska fitilar waya. Aka jona. Mutum huɗu suka sa kunne.

Faifan ya juya, ya yi shiru na daƙiƙa uku, har Injiniya ya buɗe baki. Sai ƙas, ƙas, sannan wani dogon kuka kamar ana jan ƙusa a kan kwano.

Mai Gyara ya zare waya da sauri. "Allurar da ke karanta faifan ta kankare cikinsa. Ko ka kai wa ƙwararrun da ke buɗe faifai a ɗakin gilashi, gari za su tarar."

"To a fasa kulle na faifan wajen," in ji Injiniya a hankali. "Harafi arba'in, zai ɗauki kwana nawa?"

Baƙin Allo ya buɗe baki zai yi lissafin miliyoyin shekarun da zai ɗauka, ya dubi fuskar Kwafi Uku, ya rufe.

Ranar Lahadi aka taru a falon Yaya. Auta ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gemu. Bayan an ci abinci an kwashe kwanuka, ya juyo yana murza hannu.

"Yaya Malam, ina saƙona?"

Kwafi Uku ya ciro faifan waje daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Ya yi bayani tun daga farko, da manhajar, da harafi arba'in, da allura. Ba wanda ya katse shi, kuma hakan ya fi masa zafi.

"Yana ciki ke nan," in ji Auta.

"Yana ciki."

"Amma ba zan ji ba."

"Ba za ka ji ba."

"Kai ka ji abin da ta ce?"

"Ta ce naka ne. Ban taɓa buɗewa ba."

Auta ya ɗauki faifan, ya juya shi, ya karanta 'yar takardar da aka liƙa a bayansa da kyakkyawan rubutu: Inna, kwafi na biyu. Ya ajiye.

"Sau huɗu na roƙe ka ka turo min. Da rabin sautin ma ya ishe ni."

Yaya ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da tsohuwar wayarta mai fasasshen gilashi, wadda aka ɗaure da roba, ta jona ta a caji.

"Ka ce in goge," ta ce wa Kwafi Uku. "Na goge har na gaji, wannan saƙon ya ƙi tafiya, ban san inda ake danna masa ba. Na ji kunyar tambayarka, kada ka yi min lacca."

Daƙiƙa talatin da takwas ne. Sautin a matse, ana jin rediyon maƙwabta da ƙarar cokali. Sai muryar Inna, kusa da waya ƙwarai:

"Yana ɗauka? To. Ke, ki ce wa ɗan'uwanki ya zo da abin maganar nan nasa ranar Lahadi, akwai abin da zan faɗa wa Auta. Kuma ki ce masa ya daina sa ni maimaitawa wai fanka ta shiga ciki. Ni na gaji. Yaron nan Auta ko yana cin abinci a can? Shi ke nan, kashe. Ina ake kashewa?"

Auta ya ce a sake. Aka sake. A karo na huɗu ya ciro wayarsa.

"Yaya, turo min."

Kwafi Uku ya motsa a kujera. "In an tura ta nan zai ƙara matsew..."

Su biyun suka juyo suka dube shi. Ya haɗiye sauran.

"Ni ma a turo min," ya ce.

Har yanzu yana zuwa shago ranar Asabar, kuma har yanzu Kwafi Uku suke ce masa, sai dai Injiniya ya daina dariya in ya faɗa. In wani ya shigo da kwamfuta a hammata da jan ido, yakan matsa masa a benci ya bar Mai Gyara ya yi tambayoyin. Faifan wajen yana wurin Auta. Da zai koma ya ce a ba shi, ya naɗe shi a cikin gyalen Inna ya sa a jakar hannu, bai yarda an auna shi da sauran kaya ba.