Hular Gashin Tsuntsu da Haƙorina

Wata Laraba cikin Nuwamba, ina aji huɗu a wata firamare ta unguwar Morris Heights, can ƙasar Turawa, malamarmu ta raba mana almakashi da takardu masu launi, ta ce kowa ya yi hular gashin tsuntsu irin ta 'yan asalin ƙasar na tun kafin zuwan Turawa, saboda bikin godiya na cin talotalo. Kowa ya duƙufa, ban da Lena, abokiyar zamana, wadda kullum muke raba ƙosan da Inna ke ƙunso mini. Ta naɗe hannu ta ƙi taɓa komai.

Ni kuwa da rawar kai, ana fita tara na kafa hulata, na dinga zagaya Lena ina ihu ina buga baki da tafin hannu, yadda na gani a talabijin. Ban ga tasowarta ba. Ta shaƙe ni, ta haɗa fuskata da ƙarfen lilo, ta haye ruwan cikina tana naushi tana kuka. Jini ya cika mini baki, na tofar da rabin haƙori a kan siminti.

Baba ya baro teburinsa na huluna a titin 125th Street yana huci, ya ja ni har gidan su Lena, ya rantse sai an kore ta daga makarantar. Kakanta ya buɗe ƙofa, tsohon maƙerin dogayen benaye, ɗan ƙabilar Mohawk, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin ƙasar. Ya saurari Baba tsaf, sannan ya ce a wurinsu gashin mikiya ba a ɗauka, sai dai a ba mutum in ya cancanta. Baba ya shafa zanen Gobirawa da ke kumatunsa.

A matakala ya tsayar da ni. "Ranar da yaran can suka zana fuskarsu da biro suna yi mini kukan kyanwa, wa ya fasa wa ɗayansu baki?"

"Ni ne, Baba."

"To, naka ma an fasa. Mu tafi gida."

Na ji haushinsa ƙwarai a ranar. Lena ba a kore ta ba, amma ba ta sake cin ƙosaina ba, kuma kafin bazara sun koma arewa wurin danginsu.

Yanzu makarantar 'yata ta daina waɗannan huluna, Baba kuma ya rasu da zanensa, ba wanda ya gada a cikinmu. Likita ya sha cewa zai cike mini haƙorin, ina ƙi. Har yau ban ba Lena haƙuri ba, kuma kullum harshena yana taɓa wurin.