Sakin Layi na Ƙarshe

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyar da 'yan aji biyar da jan biro a aljihun gaba, har sunan ya bi shi, kowa Jan Biro yake ce masa. Bai taɓa dukan yaro ba, amma in ya gama duba littafinka sai ka rantse kaza aka yanka a kai. Darasin da ya fi ji da shi insha'i ne: gabatarwa, gundarin magana, kammalawa. Kullum yana gaya wa yara, "Maganar da ta fi nauyi ku ajiye ta a ƙarshe, ita mai karatu zai tafi da ita gida."

Yana da shekara talatin da takwas ya ajiye alli, ya ce aikin jarida zai koya. Yayansa ya riƙe baki. "Kai da iyali, ka koma ɗan koyo? Lafiyarka kuwa?" Matarsa kuwa, Maman 'Yan Biyu, tashi ta yi. Ta goge masa rigunansa biyu masu kyau ta rataye.

Sharaɗin gidan jaridar da ya shiga ɗaya ne: wata shida na koyo, wanda sunansa bai hau kan labari ba kafin su cika, ya kama gabansa.

Koyo? Wane koyo! Ɗakin labarai tebur takwas ne da kujera shida, da fanka ɗaya mai kuka. A kan ƙunshin tsofaffin jaridu yake zama. Mutumin da ya koya wa ɗaruruwan yara rubutu, aikinsa ya zama buga sanarwar ta'aziyya da cigiyar takardun makaranta da suka ɓata. In shayi ya ƙare, "Malam, ɗan taimaka mana." In injin buga takarda ya cije, "Ina Malam?" Sau ɗaya ya yi ƙarfin hali ya tambayi wani babban ɗan rahoto yadda ake tsara labari. Ko ɗagowa mutumin bai yi ba. "Karanta jarida mana, Malam. Ba kai ne malami ba?" Aka bushe da dariya. Ya karanta kuwa, har da jan biro yake bi. Amma jarida ba ta nuna maka abin da aka cire, abin da ya rage kawai take nunawa.

A kusurwar ɗakin akwai mai tsara shafi, wanda ake kira Almakashi. Al'adar aikinsu ita ce, in labari ya fi gurbinsa tsawo, daga ƙasa ake datsewa, sakin layi bayan sakin layi, har ya shiga. Ba ya ma karantawa, ina lokaci? Shi ya sa kowane ɗan jarida yake zuba muhimmin abu a sama. Kowa a ɗakin nan ya san haka. Minti ɗaya ya isa a gaya wa sabon zuwa. Wata biyar cur, ba a samu mai minti ɗayan ba, amma kullum ana samun mai aiken shayi.

Wata Talata da hantsi, 'yan rahoto duk sun bi wani taro, waya ta shigo: allurar rigakafin jarirai ta lalace a wani ƙaramin asibitin unguwa, iyaye mata sun taru suna hayaniya. Edita ya waiga, ba kowa sai Jan Biro.

"Malam, je ka gwada sa'arka. Kafin la'asar nake so."

Ya tarar da mata cike da baranda, kowacce da goyo. Wata ta ce sau uku tana zuwa ana mayar da ita. Wata ta ce nas ɗin ce ta cika firij ɗin ajiye allurar da ruwan shanta. Ya rubuta duka. Sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar nas mai kula da asibitin, wata dattijuwa da kowa yake kira Sista.

"An hana mu magana da 'yan jarida," in ji ta.

"Sista, zargin ki ake yi. In ba ki yi magana ba, nasu kaɗai za a ji."

Sai ta lalubo tabarau daga aljihu ta saka, ta buɗe durowa, ta fito da kwafin wasiƙu huɗu. Duk ita ta rubuta wa ofishin lafiya da ke sama da ita, tun wata uku baya, cewa firij yana mutuwa, a zo a gyara. Kowacce da hatimin ofishin cewa an karɓa. Ba wanda ya zo. Har ƙanƙara ta riƙa sayowa tana jerawa, sai da abin ya fi ƙarfinta.

"Malam, shekara biyu ya rage in yi ritaya. In na ba ka waɗannan, za ka sa?"

"Wallahi zan sa, Sista. Su ne ma labarin."

Ya koma ofis da sauri. Sakin layi goma sha ɗaya ya rubuta. Ya fara da kukan jarirai, ya bi da ƙorafin iyaye, ya kawo zargin ruwan sanyi. Wasiƙun nan huɗu kuwa, da ranakunsu da hatiminsu, ya adana su a ƙarshe, inda yake ajiye magana mafi nauyi tun yana riƙe da alli. Ya karanta ya ji daɗi. Da yaro ne ya kawo masa, goma bisa goma zai ba shi.

Edita ya leƙa layukan farko, ya ce, "Kai, Malam, ashe kana ciki!" Ya tura wa Almakashi. Ana cikin haka tallar katifa ta shigo, rabin shafi. Almakashi ya kama labarin daga ƙasa, ya datse uku.

Washegari Maman 'Yan Biyu da kanta ta fita ta sayo jarida har uku. Ta shigo tana guɗa ƙasa-ƙasa. "Baban 'Yan Biyu, ga sunanka! Shafi na uku!" Yara suka hau tsalle. Ya karɓa yana murmushi, sai idonsa ya sauka a kan babban rubutun da aka ɗora: SAKACIN NAS YA LALATA ALLURAR JARIRAI. Ya bi da yatsa har ƙasa. Labarin ya ƙare a kan ruwan sanyi. Daga nan sai hoton katifa. Ya juya shafi, ya dawo, ya sake juyawa. Babu wasiƙa ko ɗaya.

Ko karyawa bai yi ba ya fita. Ya tsaya a kan Almakashi.

"Ina ƙarshen labarina?"

"Ya yi tsawo."

"Amsar matar ce a wurin! Hujjarta ce!"

Almakashi ya ɗago da mamaki na gaske. "To, wa ya ce ka kai ta ƙasa? Wa yake sa abu mai amfani a ƙasa?"

"Wa ya gaya mini?"

"Haba Malam, wannan ai kowa ya sani."

Kowa ya sani! Ka ji rainin hankali. Su da suka sani, ba wanda ya karanta har ƙasa, shi da bai sani ba, sunansa ne a sama.

Kafin azahar labari ya iso: ofishin lafiya ya dakatar da Sista, bisa abin da jarida ta bankaɗo. Ofishin nan dai da wasiƙunta huɗu suke kwance a cikinsa, shi ne yau ya fi kowa fushi.

Ya shiga wurin Edita ba ko sallama. "Ranka ya daɗe, mun zalunci matar nan. A sake buga labarin cikakke."

"Zauna, Malam. Jaridar yau ta ƙare a kasuwa, ka sani? Ka ci jarrabawarka. Gobe ka kawo hoto a yi maka katin aiki."

"Matar fa?"

"Labarin jiya ya zama na jiya. Rubuto gyara, layi uku. In an samu gurbi."

Ya so ya yi jifa da katin tun kafin a ba shi. Ya tuna 'yan biyu, ya tuna fuskar yayansa. Ya haɗiye, kuma ya ji kunyar haɗiyewar. Ya zauna ya rubuta gyaran, wannan karon wasiƙun a jimlar farko. Kowace safiya yana ƙofar Edita yana tuni, har aka fara kauce masa a hanya. Sai a kwana na tara aka samu gurbi: shafi na goma sha huɗu, can ƙasa, a tsakiyar cigiyar takardun da suka ɓata, da ƙananan baƙaƙe.

Ya nemi gidan Sista, ya je da yamma, jarida a hammata, wasiƙunta a ambulan. Ya same ta a zaune a ƙofar ɗaki cikin kayan gida, tana tsefe wa jikarta kai. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa, ba yabo ba fallasa. Ya fara bayanin yadda ake datse labari daga ƙasa, da tallar katifa, da yadda ba a gaya masa ba. Shi kansa ya ji maganar ba ta da daɗin ji, ya bar ta nan. Ya miƙa mata wasiƙun. Ta ƙirga, huɗu, ta tura ƙarƙashin tabarma.

"Sista, mun buga gyara."

Ta karɓi jaridar, ta duba shafi na uku. Ya ce na sha huɗu ne. Ta buɗe, ta duba sama, ta duba ƙasa, ba ta gani ba. Sai da ya matso ya ɗora yatsa a wurin. Ta nisanta takardar, ta kusanto da ita, sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko tabarau. Ta karanta layukan uku a hankali, leɓɓanta na motsi. Ta ninke jaridar ta mayar masa.

"Ka gani, Malam," in ji ta, tana cire tabaran. "Ranar da kuka zage ni, ban nemi tabarau ba."