Idon Hawwa Mai Nono

Duk wanda ya saba cin kasuwar Kankia ya san Hawwa mai nono. Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Rimaye, doguwa, mai dariya da ƙarfi, kuma kindirmonta ba ya kai azahar bai ƙare ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ita da mijinta Hamma suna ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki. Tun da aka ɗora su a kan magani ba ta taɓa tsallake shi ba. Ta yi ƙiba abinta, har ta haifi ɗiya biyu lafiya lau.

Wata ranar karɓar magani ta shiga asibiti kai a ɗaure da ɗankwali tamau. Malama Fauziyya, ma'aikaciyar jinyar da ta saba ba ta maganin, ta ɗago ta kalle ta, sai ta ajiye biro.

"Inna Hawwa, mi ya samu idonki na hagu?"

"Rufewa yake shi kaɗai, ɗiyata. Kwana huɗu ke nan. Ga ciwon kai, kuma ƙwarya guda sai in gan ta biyu."

Fauziyya ta ɗaga fatar idon, ta haska shi da tocila, ta fita da gudu ta kirawo likita. Kafin la'asar an aika wa Hamma, an sa su a mota sai Kano.

Can aka ɗauki hoton kanta. Likitan ya nuna musu wata jijiyar jini a cikin ƙwaƙwalwa da ta kumbura kamar balan-balan, tana danne jijiyar ido. Ya ce a wasu mutane cutar takan raunana jijiyoyin jini, kuma idan wannan ta fashe, da wuya a tsira.

Hawwa ta gyara zama.

"Likita, ta fashe ne?"

"Ba ta fashe ba."

"To mi muke jira? Bismilla!"

Aka aske mata gefen kai, aka yi aiki, aka ɗaure wuyan kumburin. Da ta farfaɗo, ruwa ta fara nema, sannan ta tambaya ko farar saniyarta ta haihu. Hamma ya fita tsakar asibiti yana hamdala da ƙarfi, yana gaisawa da mutanen da bai sani ba.

Bayan mako uku suka koma gida. Tun daga bakin hanya matan ruga suka taro motar da guɗa, wasu har daga Yashe suka zo. Hawwa ta hana a riƙa ta, ta sauko da ƙafarta, ta zame ɗankwali tana nuna musu ɗinkin.

"Ku matso ku gani! Kaina aka buɗe, ga ni a tsaye!"

Ranar tukunya uku aka ɗora, kuma ba ta bar kowa ya tafi ba sai da ya ji labarin tun daga farko.