Kabarin Malam Ba Ƙaya

Shekara tara ke nan bana da rasuwar mijina, Malam Sule, a nan Birmingham, kuma har yau ba a cika masa wasiyyarsa ba. Ni ban yi boko ba. Ina faɗa ne, 'yata Binta tana rubutawa, in kuka ya zo mini ta dakata.

Wasiyyar ba mai nauyi ba ce. A garinmu in an binne mutum ana sare ƙaya a lulluɓe kabarin, don kada dabba ta tone. Malam ya ce shi ma a yi masa haka, da ƙayar shingen gidanmu na unguwar Lozells.

Turawa suna ce wa itacen hawthorn. Malam magaryar Turawa yake ce masa, saboda jajayen 'ya'yan da yake yi in sanyi ya kusa. Aikin lambu ya yi wa council, wato hukumar gari, har ya tsufa, can ya koyi gyaransa. Ba ya taɓa shingen sai tsakiyar sanyi, ganye ya zube. Sai ya sari kowane itace daga gindi, ya bar ɗan ɓawo riƙe da shi, ya kwantar da shi kan ɗan'uwansa, ya kafa turaku ya ɗaure. In ka gani ka ce ya kashe shi. Da ɗumi ya dawo sai ya tsiro ya cunkushe, ko kyanwa ba ta ratsawa. In kuwa ya yi farin fure, tsuntsaye suka yi sheƙa, ko yaro mai ƙwallo Malam ba ya bari ya matso.

Ya sha faɗa cewa yaro ma haka ake yi masa. Daga shingen yake yanko tsumagiya, kuma ba ya cire ƙayoyin duka. Ɗanmu na fari, wanda ba na faɗar sunansa, Likita nake ce masa, shi ya fi shan ta. Ya tashi ya yi karatu, yana aiki a asibiti a Manchester, yana da gida a Cheetham Hill. Malam ya mutu yana cewa tsumagiyar ce ta kai shi can.

Ranar jana'iza na aika a tuna wa Likita zancen ƙayar. Ya aiko mini cewa babu kura a Ingila. Mu mata ba ma bin gawa, shi kaɗai ne namiji, sai na haƙura. Kowace shekara in lokacin ya zagayo ina maimaitawa, shi kuma ya ce yana on call, aikin asibiti ya riƙe shi.

Shingen da ba mai gyara shi ya miƙe ya zama itatuwa. Ya wuce tagar bene, ya leƙa gidan maƙwabta, har suka kai ƙara council. Da Malam zai ga yadda ya koma, ƙasansa fayau karnuka na shiga, ban san wa zai fara zagi ba.

Bana, shingen yana tsakiyar fure, Likita ya zo da zarton inji da wata na'ura mai niƙe itace. Na ce ya bari sai sanyi, akwai sheƙa a ciki, ubansa bai taɓa sara a wannan lokaci ba.

Ya ce, "Haka ne, Umma. Yana tausayin 'ya'yan tsuntsu."

Ya tayar da injin. Daga ƙasa ya riƙa yankewa. Na ga sheƙa ta faɗo da 'yan tsaki ko gashi ba su yi ba, ya taka ya wuce, ban sani ba ko ya gani. Na roƙe shi ya ware reshe ɗaya, ɗaya tak, ya ajiye wa ubansa a kabari a kan hanyarsa ta komawa. Ya ɗauki reshen da na nuna, ya dube shi, ya tura shi cikin na'urar.

Ina tsaye a ƙofar kicin ina kallonsa: yadda ya ciji leɓe, yadda ya ƙanƙance ido, yadda ba ya jin magana in hannunsa ya fara. Da ya gama ya shigo wanke hannu, duk ƙaya ta yayyage shi.

Na ce, "Sannu da aiki. Yau na ga Malam. Kai ne shi sak, har riƙon."

Na san inda maganar za ta sauka, kuma can na nufa. Bai ci abincin da na dafa ba. Tun ranar bai kira ni ba, ko da sallah.

Binta ta ce in cire wannan wurin. Na ce ta bar shi.

Mutane in sun zo gaisuwa suna ce mini Malam ya bar abin alheri, ya bar ɗa likita. Ni da na zauna da su biyun na san abin da ya bari. Kututturan sun fara tsiro, Likita ya aiko ta bakin Binta cewa zai turo a zuba musu maganin kashe su. Kabarin yana nan ba ƙaya, a buɗe ga ruwan sama, kuma mutum ɗaya da zai iya rufe shi ya gaji zuciyar mai kabarin. Ina kewar Malam, ina yi masa kuka har gobe. Allah Ya yi masa sassaucin da bai yi wa ɗansa ba.